Gida 40 a kati ɗaya: shekara guda da shagon hayar littattafai a Garwa

Ranar 31 ga Disamba 2024, bayan la'asar, na mayar wa Baba mai littafi katina. Gida 40 ya zana mini a watan Janairu, hatimi 33 ne a kai. Ya gyara zaman gilashinsa, ya bi gidajen da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga awaki da magariba, sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, bakwai sun tsere." Na ce sun tsere, Baba. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma duk macen da ta haihu Hajiya ce a bakinsa. Tun da aka shiga sabuwar shekara matan da ke kawo mini ɗinki suke tambayata ko katin nan ya cancanci sefa 3,000 ɗin da ake biya, na gaji da ba da amsa da allura a baki, shi ya sa na zauna na rubuta.

Shagon yana cikin wani lungu kusa da babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da zare da maɓallai. Babu allon suna. Ni ma zare na je saye na hango yarinya ta fito da littafi a naɗe cikin mayafi. Girmansa bai wuce ɗakin girki ba. Bango uku katako ne tun daga ƙasa har rufi, littattafai a jere, kowanne an yi masa riga da leda an ɗaure gindinsa da salatif. A waje akwai benci ɗaya ƙarƙashin dalbejiya. Baba yana zaune bakin ƙofa da babban littafin rajista, biro a maƙale a kunne, rediyo na ƙara ƙasa-ƙasa.

Mafi yawan kayansa littattafan Hausa ne na Kano, irin na soyayya da zaman aure da rikicin gado, waɗanda ake kawo masa a kwali ta Yola ko ta Mubi. Akwai layi guda na tsofaffin littattafan Zariya, akwai kuma wani ɗan gefe na Faransanci, yawancinsu waɗanda ɗaliban lise, wato sakandare, suka gama da su suka sayar. Littattafan addini na sayarwa ne, ba ya ba da su haya. Wanda ya san kayan zai lura sababbi sun yi ƙaranci. Baba ya ce tun da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, ga korona a tsakiya, kwalayensa suka ragu, kuma da aka buɗe sai ya tarar marubutan da yawa sun koma waya, suna sakin labari a WhatsApp da manhajoji, ba sa zuwa maɗaba'a. Faɗuwar naira daga Yuni 2023 ta sa sefarsa ta yi ƙarfi a kasuwar Kano, amma kuɗi ba ya sayen abin da ba a buga ba.

Ga yadda tsarin yake. Haya ta yau da kullum sefa 100 ce na kwana uku. Mai kati kuwa yana biyan 3,000 sau ɗaya a farkon shekara, hayarsa ta koma 50, kuma ya riƙe littafi mako guda. Ranar da za ki karɓi katin sai ki faɗi adadin littattafan da kika ɗaukar wa kanki za ki karanta kafin shekara ta ƙare. Baba ya ɗauki rula da biro ya zana gidaje daidai adadin a kan farin kwali. Duk littafin da kika mayar, ya buga hatimi a gida ɗaya. Wanda ya cika katinsa yana da kyautar littafi ɗaya da zai zaɓa ya tafi da shi gida, da katin baɗi kyauta. Yana karɓar kuɗi a hannu, yana karɓa ta waya, ta Orange Money.

Dabarar ba tasa ba ce, kuma bai ɓoye ba. Ɗansa da ke karatu a jami'ar Ngaundere, can Dang, shi ya nuna masa Goodreads a waya lokacin hutu. Shafi ne na masu karatu da aka buɗe a Amurka a 2007, Amazon ta saye shi a 2013, kuma tun 2011 yake da wannan al'ada ta kowa ya rubuta adadin da zai karanta a shekara, shafin yana lissafa masa, yana gaya masa ko yana gaba ko an bar shi a baya da littafi kaza. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan wai ya ce wa yaron ai wannan tsohon zance ne: izu 60 ne, mai son sauka a wata ɗaya ya san izu biyu ke kansa kullum, ba a taɓa buƙatar waya ta tuna masa ba. Duk da haka ya ga akwai ciniki a ciki. Abokan cinikinsa Ingilishi ba nasu ba ne, da yawa ma ba sa son ƙona data, sai ya mayar da abin kwali da hatimi.

Sai na faɗi wace ce ni, don ku san da wane mudu nake awo. Tela ce ni, 'ya'yana uku. Kamar yawancin Hausawan Garwa, Hausa nake yi a gida, Fulatanci a titi da kasuwa, Faransanci kuwa na makaranta, inda na tsaya a BEPC, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Babu wanda ya koya mini karatun Hausar boko a aji. A littattafan yayata na koya, da ƙyar. Idon da ya saba da Faransanci in ya ga "ciki" sai ya karanta "siki", in ya ga "u" ya murɗe baki, don mu "ou" muka sani, shi ya sa ma garin namu a takardun gwamnati Garoua ne. Haruffa masu ƙugiya kuwa na daɗe ina zaton tawada ce ta zuba. Da na gane kan abin, na yi shekaru ina cin littafi kamar gyaɗa. Sai aure, sai goyo, sai shago, daga baya waya ta zo ta kwashe ɗan lokacin da ya rage bayan isha'i. Kafin katin nan na fi shekara takwas ban kai ƙarshen littafi ko ɗaya ba.

To da wannan tarihin ne na tsaya gaban Baba na ce 40. Ya ce, "'Yata, ki ce 20." Na yi masa lissafi: mako 52 ne a shekara, a cire 12 na azumi da bukukuwa da ciwon yara, saura 40, littafi ɗaya kowane mako. Ya ce hangen Dala ba shiga birni ba, amma ya zana. Baban yara da ya ga katin dariya ya yi, ya ce ko shafin farko na littafin awon kwastomomina ban cika karantawa ba.

Abin da ya fi komai daraja a shagon nan, wanda saboda shi kaɗai zan ce ku je, shi ne Baba ba ya buga hatimi sai ya yi miki tambaya. Kusan duk abin da ke kan katakon nan ya karanta shi, wasu sau biyu. Kina miƙa littafi zai ɗora hannu a kai ya ce, "To, ina aka kwana?" In kika ba shi labarin a taƙaice sai ya bi da wata: wa ya fi ba ki haushi, da ke ce a gidan nan me za ki yi, uwar yarinyar tana da gaskiya ko ba ta da ita? A gabana ya kama wata budurwa da ta karanta farko da ƙarshe ta tsallake tsakiya. Bai kunyata ta ba. Cewa ya yi, "Kawun nan da ya mutu fa, kin yi masa ta'aziyya?" Ta yi tsuru-tsuru, ya mayar mata da littafin ya ce ta ƙara kwana biyu ba tara. Matan da ba sa fita suna aiko yara da littafi, su tura masa amsar da muryarsu ta WhatsApp, ya saurara ya buga hatimin ya ba yaron ya koma da kati. Na san mata biyu a unguwarmu da wannan ne kaɗai hirar da suke yi da wani a kan abin da ba girki ba, ba yara ba.

Tambayoyin nan sun canza yadda nake karatu. Da can in na gama labari sai in ajiye, ya bi ruwa. Yanzu tun ina tsakiya nake tanadin abin da zan faɗa, ina taka keke ina gardama da shi a raina. Bencin dalbejiya kuma ranar Asabar da yamma ya zama ƙaramar majalisa. Akwai wani dattijo, tsohon akawu, da ba ya taɓa yarda da ra'ayin kowa, akwai 'yan mata biyu 'yan lise, akwai wani mai mashin da ke faka babur ya karanta shafi goma kafin fasinja ya zo. Ba a shirya taro ba, haka kawai yake haɗuwa.

Janairu da Fabrairu na yi hatimi tara. Lokacin hunturu ne, dare da sanyi-sanyi, aiki da sauƙi. Na fara jin kaina.

Sai Maris. Azumin 2024 ya kama wajen 11 ga wata, daidai lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, ga ɗinkin sallah ya taru har bakin ƙofa. Wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma a ƙarshen rani, in ruwa ya ja baya, rabo ake yi. Duk sa'ar da aka kawo ta, ko ƙarfe biyun dare ne, keke nake hawa da guga. Wa ke zancen littafi? Mako shida hatimi ɗaya na samu. Wannan ba laifin Baba ba ne, kuma na riga na cire makonnin a lissafina. Amma akwai wani allo da ya rataye a bangon shago, da sunayen masu kati da adadin kowa, yana sabunta shi da alli duk Juma'a. Da na koma bayan sallah na ga sunana ya gangara ƙasa, 'yar lise ɗaya ta kai 31. Wani abu ya soke ni a ƙirji, irin wanda nake ji in maƙwabciyata tela ta rataye ɗinkin da ya fi nawa.

A nan ne aibin tsarin ya fito, kuma babba ne. Hatimi ba ya duba kauri. Duk wanda ya san littattafan Kano ya san labari ɗaya ana raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu, kowanne siriri, ana iya gama shi tsakanin azahar da magariba. A wurin Baba kowane ɓangare gida ɗaya ne. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, da take littafi uku tun asali, hatimi uku na samu a kanta, kuma ban ji na cuci kowa ba, don kowanne cike yake. Amma a watan Mayu na ɗauki Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa ɗin nan da ta ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise a Faransa a 2020. Faransancina ya yi tsatsa. Mako biyar na yi a kansa, da ƙamus ɗin 'yata a gefe, wani dare in karanta shafi huɗu in rufe in yi shiru, don matan da ke ciki na san irinsu, na yi musu ɗinkin biki, na ji ana yi musu nasihar munyal, wato haƙuri, a kunne ranar kai amarya. Da na mayar, mun fi rabin sa'a muna magana da Baba da tsohon akawu, har aka kira magariba. Sannan ya ɗauki hatimi ya buga. Ɗaya. A cikin makonni biyar ɗin nan wata ta tara goma sha biyu.

Abin da na yi daga nan ba abin alfahari ba ne. Na koma zaɓen littafi da ɗan yatsa, ina matsa kaurinsa kamar mai taɓa yadi a kasuwa. Yuli da Agusta, ana ruwa, na zuba hatimi 11, duka ƙananan ɓangarori. Yau in aka tsare ni ba zan iya faɗin sunan jarumar ko ɗaya ba. Har tambayar Baba na gano yadda ake tsallake ta, don labaran irin waɗannan suna kama da juna: in kin ce kishiyar ce muguwa, mijin kuma ba shi da tsayayyar magana, sau tara cikin goma kin ci. Ranar da na ba shi wannan amsar a kan littafin da rabinsa kawai na karanta, ya dube ni ta saman gilashi, ya daɗe, sannan ya buga. Ban sani ba ko ya gane. Ina jin ya gane.

Na yi masa ƙorafi daga baya. Na ce ko dai a ƙirga shafi, ko labari ɗaya ya zama gida ɗaya komai yawan ɓangarorinsa. Ya ce ƙirga shafi aikin akawu ne, shi ya tsufa. Da na matsa sai ya yi dariya ya faɗi gaskiya: "Hajiya, 'yan hamsin-hamsin ɗin nan su nake kai wa gida." Mai gaggawar cika gida shi ke yawan zuwa, mai yawan zuwa shi ke yawan biya. Ban ga laifinsa ba, kasuwa yake yi, ba sadaka ba. Amma mai shirin karɓar kati ya kamata ya san cewa tsarin yana tura mutum wajen sirara, kuma allon bangon yana ƙara turawa. Akwai matar da ta daina zuwa gaba ɗaya a watan Yuni saboda ƙanwar mijinta ta ga sunanta a ƙasan allo ta kai zancen gida.

Haka kuma abin da kika karanta a waya ba ya shiga lissafi, balle labaran da ake karantawa da murya a YouTube, waɗanda nake saurara ina ɗinki. Nan ina tare da shi rabi: ba zai buga hatimi a kan abin da bai ba da haya ba. Amma maƙwabciyata da idonta ya yi rauni, wadda 'yarta ke karanta mata littafin shagon da baki, ita ma da farko ya ce ba a ƙirga mata ba, sai da muka taru a kansa ya sauko.

Sauran aibobin ƙanana ne, amma suna cizo. Wasu littattafan shafin ƙarshe ya fita, wasu da tabon manja, ɗaya ɓera ya ci kusurwarsa daidai inda ake bayyana wanda ya saci takardar gida. Ku duba ƙarshen littafi kafin ku bar shagon. Ba shi da tsayayyen lokacin buɗewa: jana'iza ko ɗaurin aure na iya rufe shagon yini guda ba sanarwa, sau biyu na biya mai mashin zuwa da dawowa a banza, don haka ku kira kafin ku fito. Tarar jinkiri sefa 25 ce a rana, amma ya danganta da fuskar da ya tashi da ita, wani ya yafe, wani ya ƙirga har kwanan Lahadi. Na yara kusan babu. Na Fulatanci babu ko ɗaya, a garin da kowa ke jin Fulatanci, na ajami ma haka.

Batun kuɗi kuwa ga nawa lissafin. Kati 3,000, haya 1,850 har da sabunta littafin Faransancin nan sau huɗu, tara 400. Jimla 5,250, bai kai kuɗin atamfa mai kyau ɗaya ba. In ke mai riƙe littafi kusan mako ce kamar ni, ba kati za ki biya 200 kowanne, don haka sai kin wuce littafi 20 katin zai fara yi miki riba. In kuwa kina gamawa cikin kwana uku, sai kin wuce 60. Wadda za ta karanta 12 a shekara, ta fuskar kuɗi hayar yau da kullum ta fi mata sauƙi, abin da take saye da 3,000 ɗin tambayoyin Baba ne da kwalin da zai riƙa kallonta daga kan madubi. Ni a wurina sun ci kuɗinsu. Hatimi 33 ɗin nan in aka haɗa ɓangarori labari 19 ne, waɗanda suka zauna mini a rai ba su fi bakwai ba, amma bara waccan sifili ne. 'Yata mai shekara 12 kuma, da take ganin littafi a kan keken ɗinki kullum, ta fara ɗauka tana haɗa baƙi, tana cewa "siki" ina gyara mata.

Mutum biyu ne suka cika katinsu a 2024. Ɗaya 'yar lisen nan ce, gida 100 ta nema ta kuma cika, Allah ya sani da wane irin kauri. Ɗayan tsohon akawu ne, da gidajensa 12, wata ɗaya littafi ɗaya, duk masu nauyi, kuma har yau yana iya kawo miki abin da aka ce a babi na uku na wanda ya karanta a Fabrairu. Kyauta iri ɗaya Baba ya ba su. Yarinyar ta ɗan ɓata rai.

Na karɓi katin 2025 ranar 2 ga Janairu. Gida 15 na ce ya zana, da sharaɗina: labari ɗaya gida ɗaya, kada ya buga hatimi sai na kawo ɓangaren ƙarshe, hamsin ɗinsa kuma zan ci gaba da biya a kan kowane ɓangare. Da ya ji kuɗinsa ba su taɓu ba bai yi musu ba, sai dai ya ce a haka kullum ina ƙasan allo. Na ce ya cire sunana daga allon. Ya ce in ya cire nawa wasu ma za su nema. Muka tsaya a kan zai rubuta "Tela" kawai, kuma teloli uku ne ke da kati.

Akwai wani labari mai ɓangare huɗu da na karanta uku a watan Oktoba, aka tsaya daidai inda amarya ta buɗe akwatin uwar mijinta. Na huɗun wata ce ta karɓa ta tafi biki Marwa da shi tun kafin babbar sallah, har yau ba ta dawo da shi ba, lambarta kuma ba ta shiga. Baba ya san ƙarshen labarin, ya ƙi faɗa mini, wai ba ya ba da hayar baki. Bangonsa kore ne, an ɗaure shi da jan salatif, akwai lamba 214 da biro a shafin farko. In yana ɗakinki, ki ba direban motar Garwa ya kawo, ni zan biya tarar.